Masanin Teku da Ƙidayar Abin da Ido Ba Ya Gani

Ranar 2 ga Yuli, 1992, ministan kamun kifi na Kanada, John Crosbie, ya tsaya gaban 'yan jarida a birnin St. John's ya ce an dakatar da kamun kifin kod a ruwan Newfoundland da Labrador. Kifin nan shi ya riƙe mutanen yankin kusan shekara ɗari biyar, dominsa ne ma masuntan Turai suka riƙa tsallaka Tekun Atalantika tun ba a san za a yi wata ƙasa Kanada ba. Mutum kimanin 30,000 suka wayi gari ba sana'a. An ce dakatarwar ta shekara biyu ce. Ba a sake buɗe kamun kasuwanci ba sai 2024, shi ma da ɗan ƙaramin kaso.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne Kanada ba ta rasa masana ba. Tana da ma'aikata guda ta kamun kifi, da jiragen bincike, da mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu kan wannan kifi ɗaya. Amma lissafinsu ya jingina sosai da yawan abin da manyan jirage masu jan koma ke kamawa, kuma kamun bai ragu ba. Dalili kuwa, kod kifi ne mai taruwa. Yana raguwa, sauran suna ƙara cunkushewa wuri guda, jiragen kuma suna da na'urar gano inda garken yake. Kamar rijiya ce, guga na fitowa cike har ranar da zai taɓo laka. Masu ƙananan kwale-kwale na bakin gaɓa sun yi ta kuka tun cikin shekarun 1980 cewa kifin ya ragu, wanda ake samu ma ƙanana ne, aka ɗauki maganarsu ƙorafin mutanen da ba su yi boko ba. Da masanan suka farga a 1989 suka ce a zaftare kason da ake yarda a kama da kusan rabi, sai 'yan siyasa suka duba masana'antun sarrafa kifi da za a rufe da ƙuri'un da za a rasa, suka rage ɗan kaɗan.

Duk matashin da ke sha'awar zama masanin halittun teku, wannan labari ya fi masa amfani da hotunan masu nutso suna iyo kusa da kunkuru. Idan aka tuɓe wa sana'ar ado, ƙidaya ce ta abin da ido ba ya gani, sannan kai sakamakon ƙidayar wurin mutanen da ba lallai su so jin sa ba. Son dabbobin ruwa yana kawo mutum bakin ƙofa. Abin da ke shigar da shi ciki, ya kuma zaunar da shi, shi ne iya lissafi da iya zama da mutane.

A ƙarƙashin suna ɗaya akwai fannoni biyu da suka zama kamar wa da ƙane, ba kullum suke shiri ba. Na farko shi ne nazarin dangantakar halittu da junansu da muhallinsu: wa ke cin wa, me ya sa wannan ya yawaita a nan ya ƙaranta a can. Misalin da ake fara koya wa ɗalibai shi ne na Robert Paine. A 1963, a wata gaɓa mai duwatsu a jihar Washington ta Amurka, ya ware fili biyu a inda ruwa ke rufewa ya janye. A ɗaya yana zuwa da ƙarfen ɓanɓare yana cire taurarin teku yana jefa su can cikin ruwa, ɗayan kuwa ya bar shi yadda yake. Tauraron teku mafarauci ne, yana cin wasu halittu masu ɓawo dangin kawa. Da aka kawar da shi, sai masu ɓawon suka mamaye dutsen suka kori kowa, nau'o'in halittun wurin suka sauko daga 15 zuwa 8. Daga nan aka gane cewa halitta ɗaya, ko ba ta da yawa, tana iya riƙe tsarin wuri gaba ɗaya. James Estes ya nuna irin wannan a tsibiran Aleutian a 1974: inda karen ruwa yake, yana cinye bushiyar teku, dogayen ciyayin ruwa su yi daji; inda mafarautan fata suka ƙarar da shi, bushiyar ta yawaita ta cinye ciyayin, ƙasan ruwa ya koma fili fetal.

Fanni na biyu, kimiyyar kare halittu, ƙarami ne a shekaru, cikin shekarun 1980 ya tsaya da ƙafarsa. Michael Soulé, ɗaya daga iyayensa, ya kwatanta shi a 1985 da fannin da ake aiki cikin gaggawar masifa, inda dole a yanke shawara kafin hujja ta cika. Nan ne saɓanin yake. Mai nazari zalla yana son ƙarin shekara goma kafin ya ce uffan. Mai karewa ya san kafin shekara goman abin da ake nazarin ya tafi. Mafi yawan masu sana'ar suna tsakiya ne, kuma kowannensu sai ya zaɓi inda zai tsaya. Wanda ya cika ɗaga murya, za a ce masa ɗan fafutuka ne, a daina amincewa da alƙalumansa. Wanda kuma ya ɓuya bayan "ana buƙatar ƙarin bincike", ya ba mai son ci gaba da ɓarna hujja a kyauta. Ni dai a ganina na biyun ya fi yawa a tarihin kamun kifi, kuma ya fi yin lahani. Masani yakan ba da adadi biyu, na ƙasa da na sama, domin gaskiya ba shi da tabbas. Mai yanke shawara kuwa kusan kullum na saman yake ɗauka. Koyon yadda za ka faɗi shakkarka ba tare da ka miƙa wa wani wuƙa ba, darasi ne da ba kasafai ake koyar da shi a aji ba.

To yaya ranar aiki take? Ɗauki mai ƙidayar kifi a kan murjani, wato duwatsun da wasu ƙananan dabbobi ke ginawa a ƙasan teku. Shi da abokin nutsonsa su sauka, a shimfiɗa tef ɗin awo mai tsawon mita 50 a ƙasan ruwa. Ya bi tef ɗin a hankali, allon roba a hannu da fensir ɗaure da zare, yana rubuta duk kifin da ya gani cikin 'yan mitoci dama da hagu: nau'insa, yawansa, da tsawonsa da ido. Kifin ba ya tsaya masa. Garke ɗaya zai wuce sau biyu, dole ya gane shi ne na ɗazu. Igiyar ruwa na tura shi, gilashin fuska na yin hazo, sanyi na shiga yatsu. A zurfin mita 18 ba zai kai awa guda ba sai ya fara hawowa, a mita 30 kuwa kimanin minti ashirin ne, saboda iskar naitirojin da ke taruwa a jiki. Wanda ya yi gaggawar fitowa tana iya yi masa kumfa a jini ta nakasa shi. Nutso biyu ko uku, rana ta ƙare. Da dare, jiki a mace, sai a zauna a kwafe abin da ke allon zuwa kwamfuta kafin mutum ya kasa karanta rubutun kansa. Makonni kaɗan ne irin wannan a shekara. Sauran watannin a kan kujera ake yin su.

Kuma wannan ma ɗan gefen teku ne kawai. Teku ya rufe kusan kashi 71 cikin ɗari na doron duniya, matsakaicin zurfinsa kimanin mita 3,700 ne, mai nutso da tukunyar iska kuwa da wuya ya wuce mita 40. Ƙasan tekun da aka zana taswirarsa dalla-dalla bai fi kashi ɗaya cikin huɗu da 'yan kai ba. Saboda haka mafi yawan abin da aka sani, na'ura ce ta gano shi. Akwai tulunan awo na shirin Argo kusan 4,000 da ke yawo a tekunan duniya, kowanne yana nutsawa zuwa mita 2,000, bayan kwana goma ya taso ya aika wa tauraron ɗan'adam zafin ruwa da gishirinsa. Akwai na'urar da ke aika sauti ta saurari amsarsa don auna garken kifi. Yanzu har ana ɗebo ruwa a kwalba a tace shi, a karanta ɓurɓushin ƙwayoyin gado da halittu suka zubar, a san wane ne ya wuce ta nan ba tare da an gan shi ba. Manyan masana teku da yawa ba su taɓa nutso ba, wasu ma jirgi na tashi suke fara amai. Wanda bai iya iyo ba kada ya ɗauka ƙofar a rufe take.

Akwai wani aiki da nake son kowa ya gan shi kafin ya yanke shawara. A cikin kan kifi akwai ɗan dutsen kunne, wani bai kai ƙwayar hatsi ba. Ana tsaga kan da wuƙa a zaro shi da hantsaki, a busar, a yanka shi siriri, a sa ƙarƙashin madubin ƙara girma. Zobe-zobe ne a jikinsa, mai haske da mai duhu, kowace shekara biyu-biyu. Mai karatun zai ƙirga, wani ya sake ƙirgawa bai san amsar na farko ba, in sun saɓa a koma. Dubbai ake karantawa kowace shekara a ɗakunan gwaji na ma'aikatun kamun kifi. Ba wanda zai yi fim a kan wannan aiki, amma daga gare shi ake sanin kifi nawa ne 'yan shekara biyu, nawa ne 'yan shekara takwas, ko manyan mata masu yawan ƙwai sun ƙare, ko haihuwar bana ta yi kyau. Waɗannan alƙaluma su ake zubawa cikin lissafin da ke fitar da kason da za a yarda a kama baɗi. A arewacin Atalantika, majalisar binciken teku ta ƙasa da ƙasa da ake kira ICES, wadda aka kafa a 1902 mai hedikwata a Kopenhagen, ita ke tara masana su yi wannan lissafi su ba gwamnatoci shawara.

Shi ya sa in aka tambaye ni abu ɗaya da ɗalibi zai riƙe da hannu bibbiyu, zan ce ilimin ƙididdiga da rubuta umarnin kwamfuta, musamman manhajar R da kusan kowa a fannin ke aiki da ita, sai iya sarrafa taswira a kwamfuta. Ɗalibai da yawa suna gudowa ilimin halittu ne don su tsere wa lissafi, sai su tarar yana jiran su a gaba. Masu son kunkuru da dolfin sun yi yawa har sun yi wa guraben aiki yawa. Masu iya ɗaukar bayanan shekara talatin masu giɓi da kurakurai su fitar da amsar da za ta tsaya gaban masu suka, su ne ake nema ba a samu.

Daniel Pauly na Jami'ar British Columbia ya nuna abin da ƙidaya mai kyau ke iya tonowa. Shi da Dirk Zeller da ɗaruruwan abokan aiki sun bi ƙasa-ƙasa suna sake gina tarihin kamun kifi, suna haɗawa da abin da gwamnatoci ba sa rubutawa: kamun ƙananan masunta, na masu ci a gida, na ɓarayi, da wanda ake zubarwa a teku. A 2016 suka wallafa cewa ainihin kamun duniya ya zarce abin da ake kai wa Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, da kusan rabi, ya kai ƙololuwa a 1996 da tan miliyan 130, tun daga nan kuma yana sauka. Ita kanta FAO alƙalumanta sun nuna garkunan kifin da ake kamawa fiye da ƙima sun tashi daga kashi 10 cikin ɗari a 1974 zuwa kashi 37.7 a 2021. Pauly ne kuma a 1995 ya ja hankali kan wata cuta ta masu sana'ar: kowane masani yana ɗaukar tekun da ya tarar ranar da ya fara aiki a matsayin lafiyayye, ya auna raguwa daga nan, na bayansa ma ya yi haka, har a manta yadda abin yake tun asali. Maganin wannan shi ne awo mai dogon zango. Tun 1931 ake ɗaura wa jiragen kasuwanci wata na'ura da Alister Hardy ya ƙirƙiro a Birtaniya, tana tace ƙananan halittu masu yawo a ruwa a kan ƙyallen siliki, kuma har yau ana yi. Da ita aka ga halittun ruwan ɗumi suna matsawa arewa. Amma irin wannan aiki shi ya fi wuyar samun kuɗi, domin masu ba da tallafi sabon abu suke so na shekara uku, ba maimaita abin bara ba.

Hanyar karatu ba ta da wani sirri. Digiri na farko a ilimin halittu ko wani fanni makusanci, gara mai faɗi da ya haɗa sinadarai da lissafi da mai kyakkyawan suna kawai. Digiri na biyu ya zama kusan dole. Na uku, mai cin shekara uku zuwa shida gwargwadon ƙasa, na wanda ke son jagorantar bincike ne. Bayansa sai kwantiragi na shekara ɗaya zuwa uku, yau a wannan ƙasa gobe a waccan, daidai lokacin da tsararrakin mutum ke kafa iyali. Kujerun dindindin a jami'o'i da manyan cibiyoyi irin su Woods Hole da Scripps a Amurka ko cibiyar kimiyyar teku ta Ostireliya da ke kusa da Townsville kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da masu digirin da ake yayewa.

Mafi yawan aikin yana wani wuri dabam: ma'aikatun gwamnati na kamun kifi da muhalli, gonakin kiwon kifi, ƙungiyoyi masu zaman kansu, da kamfanonin da ake haya su auna illar da tashar jirgin ruwa ko rijiyar mai ko injinan lantarki na iska za su yi kafin a gina. Wannan na ƙarshe ya fi biya, kuma yana da nasa nauyin, tunda wanda ke biyan ka shi ke son rahoton ya ce ba komai. Akwai kuma masu sa ido da ake turawa cikin jiragen kamun kifi su yi makonni ko watanni suna auna abin da aka kama da abin da aka zubar. Mutane da yawa ta nan suka fara, kuma makaranta ce da ba ta da na biyu. Sai dai mai sa ido shi kaɗai ne a tsakiyar ma'aikatan da rahotonsa zai iya jawo wa tara, nesa da kowace hukuma. An sha tsoratar da su, wasu kuma sun ɓace a teku ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Akwai wani abin da ba na jin daɗinsa a sana'ar, kuma ya kamata a faɗa. Ana tambayar sabon mai digiri gogewar aiki, gogewar kuwa sau da yawa ta aikin sa kai ce ba albashi, wani wurin ma kai za ka biya kuɗi a bar ka ka ƙirga murjani. Ga kuɗin takardar shaidar nutso, ga kayan aiki, ga tikitin jirgi. Sakamakon shi ne matatar tana tace masu hali, ba masu hazaƙa ba. Wannan rashin daidaito yana nan tsakanin ƙasashe ma. Mafi yawan murjanin duniya yana ruwan ƙasashe masu zafi marasa ƙarfin tattalin arziki, mafi yawan kuɗin bincike da jirage da mujallu kuwa suna ƙasashe masu arziki. An daɗe ana ganin baƙon masani ya sauka, ɗan ƙasa ya nemo masa izini ya tuƙa masa kwale-kwale ya nuna masa inda abin yake, a tafi da samfuri, takarda ta fito ba sunan ɗan ƙasar. An fara gyarawa, wasu mujallu na tambaya yanzu, kuma akwai shirye-shirye irin na jirgin bincike Dr. Fridtjof Nansen, haɗin gwiwar Norwe da FAO tun 1975, da ke ɗaukar masanan ƙasashen Afirka da Asiya suna auna ruwansu da kansu. Ɗalibin da ke neman wanda zai duba aikinsa ya leƙa takardun malamin ya ga sunayen wa da wa ke kai; zai gane halinsa tun kafin su haɗu.

Sai babban ɓangaren da ɗaliban kimiyya ke rainawa, wato mutane. Ba a iya ba kifi umarni. Duk dokar kare teku doka ce a kan ɗan'adam: kada ka kama a nan, kada ka yi amfani da wannan raga, jira sai wata kaza. A arewacin Mashigin Kalifoniya a Meziko akwai wata 'yar dabba dangin dolfin da ake kira vaquita, ba ta ko'ina a duniya sai nan. A 1997 an ƙiyasta 567 ne, yanzu kimanin goma suka rage. Ba wanda ke farautarta. Tana maƙalewa ne a ragar da ake kafa wa kifin totoaba, wanda jakar iskar cikinsa ke tsada ƙwarai a kasuwar bayan fage ta Sin. Kimiyyar a nan ba ta da giɓi: an san abin da ke kashe ta, an san wurin, ana ƙirga ta da na'urorin sauraro. An haramta ragar. A 2017 har an gwada kamo su a killace, mace guda ta mutu, aka dakatar. Abin da ya gagara shi ne talaucin masunta, da masu fasa-ƙwauri, da hukumar da ba ta iya tsare ruwanta ba.

A kudancin wannan mashigi dai akwai ƙauyen Cabo Pulmo. Mutanensa masunta ne da suka ga kifinsu ya ƙare, suka nemi gwamnati da kansu ta ayyana wurin a matsayin keɓaɓɓe a 1995, suka ajiye raga, suka zama su ne masu gadi. Masanan da suka auna a 1999 suka dawo a 2009 sun tarar nauyin kifin wurin ya ƙaru da kashi 463 cikin ɗari, har manyan mafarauta irin su shak sun dawo. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, doka kusan iri ɗaya. Bambancin shi ne a wuri ɗaya mutanen gaɓa sun ɗauki dokar tasu ce. A kudu maso yammacin Madagaska ma, tun 2004, ƙauyuka ke rufe wani yanki na 'yan watanni ga kamun wata dabbar teku mai hannu takwas da ake kira oktofas. Tana saurin girma, ranar buɗewa kowa ya ga riba da idonsa, maƙwabta suka kwaikwaya. Masanin da ya taimaka a irin wannan wuri ya fi ɓata lokaci a zaman tattaunawa da dattawa da mata masu tsintar gaɓa fiye da cikin ruwa, kuma dole ya iya harshensu ko ya nemi wanda ya iya.

Wannan ya sa nake kallon alƙawarin da ƙasashe suka yi a Montreal a Disamban 2022, na kare kashi 30 cikin ɗari na teku kafin 2030, da ido biyu. A 2024 kimanin kashi 8 ne ke cikin keɓaɓɓun wurare, wanda aka hana kamu a cikinsa da gaske kuwa bai fi kashi 3 ba. Zana layi a taswira ba wuya. Wurare da yawa sunansu kawai ke takarda, jirage na jan koma a cikinsu. Duk da haka alƙawarin, tare da yarjejeniyar 2023 kan ruwan da ke bayan iyakar mil 200 na kowace ƙasa, wanda shi ne kusan kashi biyu cikin uku na teku, yana buɗe ayyukan da dā babu su. Ana neman mai haɗa kimiyya da shari'a, mai tsara inda za a keɓe, da mai bin sawun jirage ta tauraron ɗan'adam irin yadda Global Fishing Watch ke yi tun 2016.

Wani nauyin kuma na zuciya ne. Teku ya shanye kusan kashi 90 cikin ɗari na rarar zafin da sauyin yanayi ya tara, da kimanin rubu'in iskar kabon da ake fitarwa. Murjani dabba ce da ke zaune da wata ƙaramar gansakuka a jikinta, ita ke ba ta launi da abinci. Ruwa ya ɗara zafin da ya saba da digiri ɗaya kacal na 'yan makonni, sai ta kori gansakukar ta yi fari fat, in zafin ya daɗe ta mutu. Babban shingen murjani na Ostireliya, mai tsawon kilomita 2,300, ya ga haka a 1998 da 2002, sannan 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024, tazarar na ƙara matsewa har murjanin ba ya samun sararin farfaɗowa. Masanin murjani Terry Hughes, wanda ya bi shingen ta jirgin sama a 2016, ya faɗa a fili cewa da ya nuna wa ɗalibansa sakamakon kuka suka yi. Ba wani mai gadi da zai hana ruwa ɗumi shiga keɓaɓɓen wuri. Mai shiga fannin murjani yau ya san wani ɓangare na aikinsa rubuta asara ne. Ba duka labarin ke nan ba: manyan dabbobin wel masu doro na yammacin kudancin Atalantika sun sauko zuwa kimanin 450 a shekarun 1950, aka daina farautarsu, ƙiyasin 2019 ya kai su kusan 25,000. Sai dai hakan ya ci shekara sittin da ɗoriya, ya fi tsawon aikin mutum ɗaya.

Inda fannin ke faɗaɗa yanzu shi ne can ƙasa, inda hasken rana ba ya kaiwa. Tsakanin Hawai da Meziko akwai wani fili a ƙasan Tekun Pasifik, yankin Clarion-Clipperton, a zurfin da ya haura mita 4,000, shimfiɗe da dunƙule-dunƙulen ma'adini masu nikel da kobal da manganis, waɗanda masu ƙera batir ke nema. Dunƙulen yana ƙaruwa da 'yan milimitoci ne a shekara miliyan, kuma halittu da yawa a jikinsa suke zaune. Hukumar kula da ƙasan teku ta duniya da ke Kingston a Jamaika ta ba da lasisin bincike, ana ta ja-in-ja kan dokokin haƙa. Wani nazari da masanan gidan tarihin halittu na Landan suka jagoranta a 2023 ya tattara nau'o'in halittu fiye da 5,000 daga yankin, kusan kashi 90 cikin ɗari ba a ma raɗa musu suna ba. Masu ilimin rarrabe halittu da siffanta su, fannin da jami'o'i suka daɗe da yin watsi da shi don ana ganin tsohon yayi ne, yanzu ba su isa ba. An kuma san raunin wurin ba ya saurin warkewa: a 1989 masanan Jamus sun ja garma a ƙasan teku daura da Peru don gwaji, da aka koma a 2015 sawun garmar na nan. Fita da jirgi zuwa irin wannan zurfi tsada ce da jami'o'i kaɗan ke iya ɗauka, don haka kaso mai yawa na binciken kamfanonin da ke neman izinin haƙar ne ke biyan kuɗinsa, tunda doka ta wajabta musu auna muhallin kafin su taɓa shi. Matashin da ke son nazarin halittun wannan wuri, akwai yiwuwar gurbin farko da zai samu a jirgin da ɗaya daga cikin kamfanonin ya yi haya ne.